Ƙafar da Ta Ci Kofi

Duk wanda ya ce maka 'yan ƙwallon kulob ɗin Maƙera ne suka ci kofin Disamba, ka ce masa Herminia mai allura ta ce bai san zancen ba. Ƙafar hagun Doña Otilia ce ta ci shi. Haka mutanen layinmu suka yarda, manya da hankalinsu, masu 'ya'ya da jikoki, kuma a kan wannan yardar suka zauna wata biyar suna tafi suna kallon ƙafar tana ruɓewa. Ina cikinsu, ba zan wanke kaina ba. Abin ne ya tsaya mini a rai har na ɗauko biro.

Ƙofata na kallon ƙofar Baldomero mahauci, shugaban magoya bayan Maƙera na unguwarmu, mutumin da ya yi wa gidansa fenti ja da baƙi, launin kulob ɗin, har da tukwanen fulawa. Doña Otilia ce ta haife shi. Shekararta saba'in da huɗu, tana da ciwon suga, ni nake tsallakawa kowace safiya in yi mata allura. Ɗakinta yana can ƙuryar gida jikin injin wanki, inda ake jingine tsintsiya da tara kwalabe. Ba ruwanta da ƙwallo. Takan ce ba ta ga abin kallo a garada ashirin da biyu da gajeren wando ba. Ita rawa ta sani. Duk Lahadi da yamma sai ta sa jan takalminta mai ɗan tsini, ta tafi dandalin gaban coci inda tsofaffi ke rawar danson, ta yi ta juyi da wani tsohon tela, Don Fidencio, har rana ta faɗi.

Ranar da aka buɗe kakar wasa, Lahadin ƙarshen Yuli, ta taka ƙusa a tsakar gida. Ɗan rauni ne a tafin ƙafa, bai kai a ba da labari ba. Zenaida, matar Baldomero, ta zuba mata ruwan gishiri a wani koren bokiti, ta jawo tsohuwar safar Maƙera daga kwandon tsumma ta zura mata don jinin ya tsaya. An yi ruwan sama da safe, ɗakin baya ya jiƙe, shi ya sa aka bar tsohuwar ta zauna a falo, kan kujerar roba kusa da firij, ƙafa cikin bokiti. A haka aka buga wasan, muka lallasa masu riƙe da kofi ci uku da nema.

Mu da muka yi shekara talatin da ɗaya rabonmu da kofi, kowa da nasa camfin. Wani ba ya aske gemu. Wani rigar da aka ci wasa yana sanye da ita ba ya wanke ta sai ranar da aka sha kashi. Ni kaina in za a buga mana fenareti sai na juya wa talabijin baya. Ba wanda ke ganin laifin wannan, gemunka ne, rigarka ce. Shi kuwa Baldomero da ya waiwaya yana neman abin da ya sauya a falonsa ranar, sai idonsa ya sauka a kan uwarsa.

"Mama, tun yaushe kike nan?"

"Tun da kuka fara ihun nan naku. In tashi ne?"

"Ki tashi ina? Kada ki motsa! Zenaida, kawo alli. Zagaye min ƙafafun kujerar nan da gindin bokitin, kada wani ya gusar da su ko da taƙi ɗaya."

Muka yi ta dariya, har da ita.

Lahadi ta zagayo aka zaunar da ita daidai cikin zanen allin, safa a ƙafa, ƙafa a ruwa. Muka ci. Ta sake zagayowa, muka ci. Kafin Agusta ya ƙare muna saman tebur, falon Baldomero ya daina ɗaukar mutane, har sai da aka cire labulen taga don na waje su riƙa leƙe. Aka sa mata suna Kakar Bokiti. Samari suna ɗaukarta a waya suna watsawa, Zenaida ta kafa kaskon tako, wainar masara mai nama a ciki, a bakin ƙofa tana sayarwa, wani malamin makarantar sakandare, mai koyar da kimiyya fa, ya durƙusa ya taɓa bokitin ya shafa a goshi.

Wata safiya ina shirya allura ta kama hannuna, fuskar nan tata kamar ta yarinya.

"Herminia, kin ji abin da Baldo ya kira ni jiya? Sarauniyata. A gaban mutane. Har ya sumbace ni a goshi." Ta shafa wurin da yatsa. "Shekara shida rabona da zaman falon nan, tun rasuwar maigidana Crisóforo. Ashe har kujeru sun sake."

Na ce, "Mu ga ƙafar, Doña."

"Ƙafa ƙalau take. Ɗan zafi ne kawai."

Ba ƙalau take ba. Jiƙon awa biyu duk mako ya sa fatar ta yi fari ta yi laushi, bakin raunin ya buɗe, jan ya hau har idon sawu. Ga kuma safar. A wasa na biyar mun yi kunnen doki, Baldomero ya kafa bincike a gidansa kamar an yi sata, har Zenaida ta amsa laifinta: ta wanke safar da sabulu saboda wari. Rannan layi duka ya ji muryarsa. Tun daga nan ba a ƙara nuna wa safar sabulu ba. A cire ta, a rataye a ƙusa bayan firij ta bushe ta ƙandare, Lahadi a sake zura ta a kan buɗaɗɗen ciwo.

Na same shi a rumfarsa a kasuwa yana saran ƙashi.

"Don Baldomero, ƙafar mahaifiyarka ba ta son ruwa, safar nan kuma guba ce. Mai suga ce. In ba a kai ta asibiti ba za ta rasa ƙafar."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Haba Doña Herminia, ruwan gishiri fa. Da shi iyayenmu suka warke. Ni nan sau nawa wuƙa ta yanke ni?"

"Kai ba ka da suga."

"Ta yi miki ƙorafi ne?"

"Ba za ta yi ba, kai ma ka sani."

"To kin gani." Ya ajiye gatarin ya goge hannu a rigar aiki. "Disamba kawai nake roƙo. Ranar da muka ɗaga kofi, da kaina zan goya ta zuwa asibitin da ya fi kowanne a babban birni. Babana ya mutu yana jiran kofin nan. Ke kanki, tsakaninki da Allah, ba kya so?"

Ina so. Abin kunyar ke nan. Ya ɗora mini hanta gyara a kan naman da na saya, na karɓa na tafi gida.

Zenaida kuwa cewa ta yi, "Ni matar ɗa ce, maƙwabciya. In na ce a kai ta asibiti, gobe a ce ina neman fitar da ita daga gida. Kuma ai ina ba ta maganin zafi." Na buga wa Amparo, 'yar tsohuwar da ke Chicago. Ta ce ta ga Mama a bidiyo tana dariya, ta ma yi ƙiba, in daina tayar mata da hankali tana wurin aiki. Ƙibar da ta gani kumburi ne.

Asabar ta farkon Oktoba na shiga na tarar da ita tana rawar sanyi, jikinta zafi rau. Baldomero yana kasuwa, Zenaida ta tafi gyaran gashi. Na tare tasi na sa ta a ciki, ba wanda na yi wa sallama. Likitar da ta duba ta, wata 'yar siririya mai tabarau, ta daɗe tana kallon ƙafar kafin ta kalle ni.

"Wa ke kula da matar nan?"

Na ce, "Layi guda."

Ta ce in aka bar ta ta kwanta mako biyu ana yi mata ƙarin ruwa da magani, yatsu biyu za su tafi amma ƙafar za ta tsira. In aka mayar da ita gida kuwa, kada kowa ya zo ya ce ba a gaya masa ba. Aka ba ta gado. Washegari Lahadi aka zura mana huɗu, muka rama ɗaya da ƙyar.

Litinin da hantsi ina ba ta shayi sai ga Baldomero da damin furanni, ido jawur. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Durƙusawa ya yi a gaban gadon ya kifa kai a kan cinyarta, ƙaton mutum mai shekara hamsin, ya fashe da kuka.

"Mama, kin ga abin da suka yi mana? Huɗu, Mama. Yara na ta kuka a layi suna tambaya ina Kaka. Na duba kujerarki ba kowa, na kasa cin abinci. Ni ba zan tilasta miki ba. In kin ce nan za ki zauna, zauna abinki. Baba dai nake tunawa."

Ta ɗora hannu a kansa tana shafawa. Na san an gama.

Likitar ta zo ta maimaita masa abin da ta gaya mini, dalla-dalla, har da nuna masa inda za a yanke in abin ya wuce. Ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya ƙanƙance ido.

"Likita, ba don komai ba, ke 'yar wane kulob ce?"

Doña Otilia da hannunta ta sa hannu a takardar cewa ita ta nemi sallama. Da muka fito ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Na koma gida na tarar an farfasa mini ƙwai a ƙofa, an rubuta Yahuza, wato maci amana, da jan fenti a bango. Matan da na yi wa 'ya'yansu allura tun suna zanin goyo suka daina amsa gaisuwata. Aka hana ni shiga gidan, Zenaida ta koyi allurar a waya. Baldomero ya sa kwaɗo a ƙofar baya, ya kuma kafa sabuwar doka: tunda an ga abin da rabuwa da safa ke jawowa, daga yau ba za a ƙara cire ta ba, a ƙafar za ta riƙa kwana. Lahadin da ta biyo muka ci biyu da nema. Mutane suka riƙa wucewa ta ƙofata suna cewa, "To, mai allura, yaya aka ji da ilimi?"

Na kai ƙara ofishin kula da iyali. Bayan mako biyu suka turo wani jami'i da jaka a hammata. Ya tambayi tsohuwar, ɗanta na tsaye a kanta, ko akwai mai tilasta mata. Ta ce babu. Ya rubuta babu. Kafin ya fita ya roƙi a ɗauke shi hoto da bokitin, wai don surukinsa.

Ranar tunawa da matattu, biyu ga Nuwamba, gidan duka suka tafi maƙabarta suka kulle ta. Na zagaya ta lungu na tsaya a tagar ɗakinta. Warin ne ya fara tarata, irin wanda duk wadda ta yi aikin asibiti ba ta mantawa. Tana kwance, jan takalminta na kan akwati a jere, ta goge su suna ƙyalli. Ta miƙo mini 'yan furanni ruwan ɗorawa ta tsakanin ƙarafan tagar.

"Ki kai wa Crisóforo. Su ba za su tuna inda yake son a ajiye ba, wajen kai. Ki ce masa bana ban samu zuwa ba."

"Doña, bari in kira 'yan sanda su ɓalle ƙofar nan."

"Ki sa a kama mini ɗa? Ke ba ki haihu ba ne?"

"Za a yanke miki ƙafa, Doña Otilia. Ba yatsu ba yanzu, ƙafa."

"Saura kaɗan, in ji Baldo." Ta juya ta kalli takalman. "Fidencio yana zuwa dandalin kuwa?"

"Yana zuwa. A benci yake zama, ba ya rawa da kowa."

"Tsohon banza," in ji ta, tana murmushi, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. "Ki ce masa Janairu zan dawo."

Muka gama wasanni goma sha bakwai a matsayi na biyu, aka shiga zagayen 'yan takwas, inda ake bugawa Alhamis da Lahadi, gida da waje. Ke nan jiƙo ya koma sau biyu a mako. Ta daina iya takawa, sai a ɗauko ta a kan kujerar daga ɗaki a dire cikin zanen alli. Zenaida ta sayo turaren fesawa da kyandir mai ƙamshi, ta ce wa baƙi ɓera ne ya mutu a rufi. Kowa ya yarda da ɓeran. Mutum arba'in a falo da hancinsu lafiya lau, ba wanda ya ce a ɗaga ruwan bokitin a duba.

Muka kai wasan ƙarshe. Na farko a gidansu aka tashi ba ci. Na biyu a filinmu, Lahadi ƙarfe huɗu na yamma. Rannan cunkoson ya kai ba mai lura da wa ya shiga, na kutsa na tsaya jikin firij. Sun sa mata rigar Maƙera da kambin takarda mai ƙyalƙyali. Leɓenta ya bushe ya tsage, idonta a buɗe amma ba talabijin take kallo ba. Da na taɓa wuyanta kamar na taɓa murfin tukunya.

"Herminia ce?" Muryar da ƙyar take fita. "Ƙafar ta daina ciwo. Tun jiya ba na jin ta. Na warke ke nan, ko?"

Na ja Baldomero gefe a hutun rabin lokaci, ana ɗaya da ɗaya. Na ce masa gubar ta shiga jini, yanzu ba ƙafa kaɗai ake magana ba.

"Minti arba'in da biyar, Doña Herminia! Shekara talatin da ɗaya muka jira, ke ba za ki jira minti arba'in da biyar ba? Ki ba ta lemon koka ta sha, sukarinta ne ya sauka."

Na ciro wayata don in kira motar asibiti. Na riƙe ta a hannu. Na ce bari in ga yadda za a dawo. Na ce bari wannan bugun kusurwar ya wuce. Saura minti biyu a tashi aka kwashe ɗan wasanmu a cikin da'ira, alƙali ya nuna fenareti. Ni kuwa, yadda na saba tun ina budurwa, na juya wa talabijin baya, sai ga ni ido da ido da Doña Otilia. A gabana kanta ya langaɓe, kambin ya zame ya rufe mata ido ɗaya, jikinta ya fara sulalewa daga kujerar, ƙafar na neman fita daga ruwan. Na tare ta. Na so in ce don kada ta faɗi na tare ta. Amma hannuna na dama a kan gwiwarta yake, yana danne ƙafar cikin bokiti, kuma ban ɗaga shi ba sai da na ji ihu ya tsage rufin gidan.

Kafin alƙali ya hura tashi falon ya watse. Baldomero ya tsallake ƙafafun uwarsa da ganga a wuya ya yi waje, Zenaida na biye da tuta. Aka bar ni da ita da talabijin na ta surutu. Motar asibiti ta ce ba hanya, gari ya cika da mutane har kan gada. Don Fidencio ne ya shigo, da hularsa a hannu, ya zo ganin ko za a bar shi ya gaishe ta tunda an gama. Ni da shi muka ɗora ta a amalanken da Baldomero ke ɗauko nama daga mayanka, muka yi ta turawa cikin taron. Da mutane suka gane ta sai suka hau waƙa suna watsa mata giya, sun ɗauka zagayen murna ake yi da ita.

Likitar nan mai tabarau ce ke aiki. Ta sa almakashi ta yanke safar, wani wuri sai da ta haɗa da fata. Aka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Kwana uku Baldomero bai leƙo ba. Ana zagaya gari da kofi a buɗaɗɗiyar mota, shi ne a gaba da ganga, har a talabijin an nuno shi yana kuka yana cewa wannan na mahaifiyarsa ne. Amparo ta turo saƙon murya tana tambayar me ya sa ba wanda ya gaya mata abin ya yi tsanani. Rana ta huɗu asibiti suka buga masa waya: sai wani daga dangi ya zo ya sa hannu ya karɓi ƙafar a kai maƙabarta, in kuwa ba mai so su san yadda za su yi da ita. Minti ashirin bai cika ba sai ga shi yana haki. Na gan shi da idona a baranda yana yi wa ma'aikaci magiya.

"Safar fa? Kada ka ce min kun yar. Duba min kwandon shara, ɗan'uwa, don girman Allah."

Ya shiga ɗakin uwar ya yi minti biyar. Ya ce mata ta yi kyau, ya ce likitocin nan gaggawa gare su, da a babban birni ne da ba a yanke ba. Ya ce Allah ya riga ya rubuta. Sannan ya duba agogo ya ce kafinta na jiransa.

An yi wa ƙafar akwatin katako mai fenti ja da baƙi. An binne ta ranar Asabar da masu busa ƙaho da tutoci, kusa da kabarin Don Crisóforo, a filin da tsohuwar ta tanadar wa kanta. Mijinta da ya mutu mutum goma sha biyu ne suka raka shi, ni na ƙirga. Ƙafar ta samu sama da ɗari uku. Malamin kimiyyar nan har jawabi ya yi.

Da aka sallamo ta, ɗakin jikin injin wanki aka mayar da ita. Keken guragun da coci suka ba ta ba ya hawa dandamalin falo, kuma ba wanda ya ga dalilin gyara dandamalin. An goge zanen allin, kujerar roba ta koma wajen wanke-wanke. An cire kwaɗon ƙofar baya, yanzu ba mai damuwa da wa ya shiga wa ya fita, ni ma an yafe mini, ana gaishe ni a layi. Na koma yi mata allura. Ban taɓa gaya mata inda hannuna yake ba lokacin fenaretin, kuma ban san ko ta sani ba.

Sabuwar kaka ta buɗe Lahadi ta biyu a Janairu. Tun hantsi layinmu ya cika. Baldomero ya fito da koren bokitin cike da furanni, wani ya ɗauko talabijin da batirin mota, Zenaida da kaskonta, suka ɗunguma maƙabarta, don an yanke shawara a can gaban kabarin ƙafar za a riƙa kallon wasa bana. Sun wuce ta jikin tagarta da ganguna. Ba wanda ya leƙa ya ce ya jiki.

Muna zaune mu uku, ni da ita da Don Fidencio, wanda ya zo da 'yar rediyonsa ya sa mata kiɗan danson ƙasa-ƙasa. Jan takalmin na dama yana ƙafarta, ita ta ce a sa mata. Na hagun yana kan akwati. Ta saurari gangar ɗanta har ta yi nisa, sannan ta juyo gare ni.

"Herminia, ba za ki bi su ba? Wasan farko ne fa."

Na ce na daina kallon ƙwallo.

"Ki je mana. Ki gaishe mini da ita." Ta gyara bargon a inda cinyar ta ƙare. "Ki ce mata ta riƙe shi da kyau. Baldo ba ya jure rashin uwa."